Durƙuson Abdulƙarim

Ranar Alhamis ce, an kwana ana yayyafi a Madina, gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Ina tsaye a ɗakin gashin ƙashi na asibitin da nake aiki, hoton gwiwar Abdulƙarim a hannuna.

"Zulfita, yi magana mana..."

Haka yake kirana maimakon Zulfa. Ya ce a ƙasarsu Ajantina haka ake lanƙwasa sunan wadda ake so.

"Guringuntsin gwiwar ya tsage, Abdulƙarim."

Ya zura wa dogayen ƙafafunsa ido. Shekara goma sha biyar yana buga ƙwallon kwando. Daga garinsu Bahiya Bilanka ya je Yurugwai, ya je Sifen, ya je Baharain inda ya musulunta, ya ajiye sunansa Nahuel. Yanzu shekararsa talatin da uku, kuma kulob ɗin nan na Madina shi ne tasharsa ta ƙarshe. Saura wasa shida a gama kakar wasanni. In ya buga su, za a sabunta masa kwantiragi. In bai buga ba, babu kwantiragi, babu iƙama, wato takardar zama a ƙasar, sai filin jirgi.

"Za ta kai ni wasa shida?"

"Da ɗauri da ƙanƙara, wataƙila. Gudu za ka iya, tsalle ma da dabara. Abu ɗaya ne na hana ka. Kada ka lanƙwasa ta har ƙasa. Ko salla a kan kujera za ka riƙa yi."

Sai muka dubi juna, don a tare muka tuna.

Gobe Juma'a bayan la'asar zai zo gaida Baba da manyanmu. Kuma ni ce da kaina na shafe wata guda ina koya masa yadda Bahaushe yake durƙusa wa surukai.

"Zan gaya wa Baba," na ce.

"A'a!"

"Abdulƙarim..."

"Bakri zai zauna a wurin. Abin da ya shiga kunnen Bakri yau, gobe yana teburin koci."

Gaskiyarsa. Bakri ɗan Gwaggo Maiturare ne, yayar Baba, kuma shi ne tafintan kulob ɗin. Shekara biyu yana nemana ina ƙi.

"To zan gaya wa Baba shi kaɗai."

"Ki ce masa me? Ɗan wasan da bai yarda da shi ba, yanzu kuma gurgu ne? Yi mini alkawari, Zulfita."

"Kai ma yi mini. Ka rusuna kawai, ka ba su hannu biyu. Baƙo ne kai, za su yi maka uzuri."

Ya ɗora hannu a ƙirji.

Ni ma na yi nawa alkawarin, zuciyata ba ta so.

Washegari gidanmu na unguwar Bani Harisa ya cika da ƙamshin gahawa. Baba mai harhaɗa magani ne, shekara talatin da barinsa Kano, amma har yau bai yarda a gaishe shi a tsaye ba. Da ƙyar Umma ta shawo kansa ya amince da zuwan.

"Mutumin da ke tsalle da gajeren wando yana jefa ƙwallo a raga," in ji shi, "wannan sana'a ce ko wasan yara?"

Gwaggo Maiturare tana kicin tana zuba dabino a faranti, bakinta bai huta ba.

"Ga na gida a tsaye, sai an ɗauko mana falwaya daga ƙarshen duniya. Zulfa, in zai miki magana tsani kike takawa?"

"Gwaggo ke nan."

"Za mu gani dai, in ƙashin bayansa ya san girman manya."

Na tsaya a bayan ƙofar da ta raba mu da majalisin maza, ƙanwata Sundus a gefena. Ita a nan aka haife ta kamar ni, amma ko an yi mata Hausa da Larabci take amsawa. Ta tagar zaure na hango Bakri ya tare Abdulƙarim a bakin ƙofa, ya dafa shi, yana yi masa raɗa mai tsawo.

Abdulƙarim ya shigo da farar tobi, doguwar rigar Larabawa, da hular Kano da na saya masa, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi ƙofa. Dattawa biyar suna zaune a ƙasa kan kilishi. A tsakiyarsu Alhaji Ɗan'inna, aminin kakanmu, mai gonar dabino a Khaibar.

"Assalamu alaikum."

Rusuna kawai, na ce a raina. Don Allah rusuna kawai...

Ya tafi ƙasa.

Gaba ɗayansa, mita biyu da ɗoriya, ya naɗe a kan dugadugansa gaban Alhaji Ɗan'inna.

Na cafki hannun Sundus har ta yi ƙara.

"Ina wuni, Baba," ya faɗa da Hausarsa mai tsami.

Dattawa suka yi kabbara suna dariya. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Masha Allah! Ina gajiya? Ina mutan gida? Ina mahaifiya? Yaya ƙasar taku, ana ruwa?"

Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon gumi yana tsatso masa a goshi, ga sanyin da ake yi.

Alhaji ya fara addu'a. Duk Madina an san addu'ar Alhaji Ɗan'inna ba ta da gajere. Ya roƙa wa masu rai, ya roƙa wa matattu, ya roƙa wa alhazan da ke hanya. Bai saki hannun ba.

Da ya zo shafawa sai na ji muryar Bakri.

"Alhaji, a sa masa albarka a kan wasan nasa ma. Saura shida."

"Af, gaskiyarka!"

Ya sake ɗaukowa daga farko.

"Sundus, zai karye..."

"Esh fi?" ta tambaya da Larabci, ba ta gane abin da ke faruwa ba.

Aka shafa. Alhaji ya ce, "Tashi, ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Abdulƙarim ya dafa ƙasa ya yunƙura.

Na ji ƙarar daga inda nake. Ƙas!

Bai yi ihu ba. Ya kife gefe guda, ya ture butar gahawa, ƙafar ta ƙame a lanƙwashe.

Ban san lokacin da na banke ƙofar ba. Ban taɓa shiga majalisin maza da baƙi a ciki ba sai ranar.

"Kada a ja ƙafar! Kowa ya matsa! Sundus, ƙanƙara!"

Na durƙusa na tallafi gwiwar. Ta kulle, tsagin ya naɗe ya shige tsakanin ƙasusuwa. Ba sai an yi hoto ba, na san aikin tiyata ne.

"Ka yi mini alkawari!" Hawaye ya hana ni ganinsa sosai. "Me ya sa?"

"Yi haƙuri, Zulfita... An ce mini wanda bai kai ƙasa ba, ko ya tashi kafin babba ya sake shi, ya zagi gidan."

"Wa ya ce maka?"

Muryar Baba ce a kaina.

Abdulƙarim bai ko dubi Bakri ba. Amma kowa ya dube shi.

"Al'ada na koya masa, Kawu," in ji Bakri. "Laifi ne?"

"Zulfa," Baba ya ce, "kin san da ciwon nan?"

"Na sani, Baba. Jiya na gani."

"Kika yi shiru."

"Ni na hana ta," Abdulƙarim ya faɗa yana cije leɓe. "Na ji tsoro ka ce ba ni da komai."

Baba ya juya a hankali.

"Kai kuma, Bakri? Kullum kuna mota ɗaya da shi."

"Na dai ga yana sa ƙanƙara bayan atisaye, amma ai duk 'yan wasa..."

"Ka gani. Sannan ka roƙi addu'a ta biyu."

Gwaggo ta leƙo daga ƙofa. "Ɗayyabu, a kan bare za ka tozarta ɗan 'yar'uwarka?"

"Yaya, baƙona aka karya a kan kilishina." Ya cire rigar samansa ya naɗe ya tura ƙarƙashin kan Abdulƙarim. "Bakri, fita. Alhaji, kama masa kafaɗa. Ni zan tuƙa."

Alhaji Ɗan'inna yana kuka kamar yaro, yana cewa da ya sani da Fatiha kaɗai zai yi.

Ranar Lahadi aka yi aikin. Likita ya ce zai yi tafiya, zai yi salla, amma ya manta da tsalle a ƙarƙashin raga. Kulob ya aiko da furanni, bayan sati uku ya aiko da takardar sallama. Aka ba shi wata biyu ya bar ƙasar.

Na daina cin abinci. Umma ta gaji da lallashi.

Wata safiya Baba ya kira ni.

"Na ce ba zan ba da ke ga wanda ba shi da tabbas ba. Yanzu ba shi da aiki, ba shi da iƙama, ƙafa ɗaya gare shi."

"Na sani, Baba..."

"An ba shi aikin koyar da matasa a garinsu. Akwai masallaci?"

"Akwai ɗaki guda da suke haɗuwa ranar Juma'a."

Ya daɗe yana juya carbinsa.

"Ni shekara talatin ana durƙusa mini, ban taɓa tambayar abin da yake ci wa mai yi ba. Za ki iya nisan?"

Na faɗa jikinsa ina kuka.

Aka ɗaura aure a majalisin nan, bayan an gama zirga-zirgar takardu. Gwaggo ba ta zo ba. Sundus ta rungume ni a filin jirgi, ta buɗe baki da Hausa, "Kada ki manta da ni, Yaya." Baba kuwa hannu kawai ya ɗaga har muka shige.

A cikin jirgi Abdulƙarim ya miƙe ƙafar a hanya, ya riƙe hannuna.

"Kina nadama, Zulfita?"

"Ina lissafi dai."

Shi ya rasa wasa shida, da kwantiragi, da rabin guringuntsin gwiwar dama, da sana'ar shekara goma sha biyar. Ni na rasa aikina, da gwaggo ɗaya, da ganin Umma kullum safiya, da garin da aka haife ni.