Hayaƙi Daga Gabas

Ranar da Kyaftin ya fara ganinta, tana tsaye bakin tafki da akwatin ƙarfe, tana neman mai kai ta hasumiyar da ofishinsu ya kafa a tsakiyar ruwa. Masu kwalekwale bakwai ne a wurin, shi ya riga kowa sunkuyawa ya ɗauki akwatin.

"Sharaɗi ɗaya," in ji ta. "In mun kusa, ka kashe inji, ka tuƙa da hannu."

"Saboda me, Malama?"

"Na'urar can hanci gare ta. Tana auna jujjuyawar iska, tana shaƙar gas ɗin da ruɓaɓɓiyar ciyawa ke fitarwa daga ƙasan ruwa, irin mai ƙara wa duniya zafi. In ta ji hayaƙinka, sai ta ɗora wa tafkin laifi."

"Ashe ƙarfe ma ya iya ƙazafi."

Ta yi dariya, kuma dariyar nan ce ta gama da shi. Kafin wata uku "Malama" ta koma "hasken idona". Amma da maganar ta kai gida, babanta, tsohon hedimasta, ya ce bai kai 'ya jami'a don ta auri mai warin fetur ba.

Ana cikin haka ofis ya turo wani Dokta, mai farin tabarau da jirgin ruwa na kansa. Shi ya koma kai ta hasumiya. Ya kuma iya gaishe da tsofaffi, har Baba ya fara cewa "yaron nan na da hankali".

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai ga ya kama namiji ba. Kyaftin ya daina cin abinci, sai saƙo:

"Hasken idona, yau awa huɗu kuka yi a sama. Wace irin ƙusa ce ba ta ɗauruwa?"

"Kyaftin ɗina, farantin sola muke wankewa, tsuntsaye sun ɓata ta. Ka sa ranka a inuwa."

Ina inuwa! Kullum ƙarfe goma sai ya laɓe cikin dogayen ciyayi gabas da hasumiya, yana leƙen su. Inji kuwa ba ya kashewa, don in an hango shi ya tsere. Mako uku yana wannan gadi, bai ga komai ba sai mutum biyu suna murɗa waya.

Rannan ta same shi yana gyaran inji, idonta jawur.

"Dokta ya rubuta wa Shugaban ofishinmu cewa ni na ɓata saitin na'ura. Lissafi yana tsalle kowace safiya. Gobe za a zauna, in ya tabbata a cire ni, a ba shi aikin. Ya ma gaya wa Baba wai in na aure shi zai rufa min asiri."

"Kutumelesi!"

"Abin mamaki, ba ya tsalle sai daga goma zuwa sha ɗaya, kuma sai in iska ta taso daga gabas." Ta dube shi tsawon lokaci. "Kai ka fi ni sanin gabas ɗin nan."

Ta juya ta tafi. Sukudireba ta suɓuce masa ta faɗa ruwa.

Washegari ya shiga ɗakin taro da rigar aikinsa. Ga Shugaba, ga Dokta, ga Baba da ya rako 'yarsa.

"Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Hayaƙina ne."

"Me kake yi a cikin ciyawa?" in ji Shugaba.

"Leƙe."

Har masinja sai da ya fita waje ya yi dariya. Aka sa shi ya koma maɓoyarsa ya tada inji, nan take lissafi ya yi tsalle a gaban kowa. Aka zubar da lissafin awoyin da ya ɓata, aka bar mata aikinta, shi kuma aka haramta masa zuwa kusa da hasumiya har abada.

A bakin ƙofa Baba ya tsayar da shi.

"Kai wawa ne."

"Haka ne, Baba."

"To, mai hankali ya so ya taka ta ya hau, wawa ya kwanta ta taka ta fita. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Dokta ya zo, har ya taya murna. Ango ya karɓa da hannu biyu, amma bai zauna ba sai da ya raka shi har mota, ya ga ƙurarta ta kwanta.

Saƙon amarya ya shigo: "An ce ka raka baƙo. Karamci ne ko gadi?"

"Duka biyu, hasken idona."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ango kuma ya sassauta masa kishin da ya rage.