Dutsen Niƙan Kufan Marke

Yaya Barau ɗan wan mahaifiyata ne. Ranar da ya zo ganin ɗakina, ƙannen mijina suka matsa masa sai ya ba su labari. Ni ina zaune bakin ƙofa, ban bar ko kalma ta wuce ni ba. Ya rage murya ya ce:

Kun san Kufan Marke, tsohon garin nan na bakin kogi da aka kewaye da waya, inda masu tonon tarihi suka haƙo tukwane da ramukan rini. Mutane kan je hawan dutse, su kafa tanti su kwana. Mu biyu muka je, ni da abokina Mudi tela. Mai gadi ya zagaya da mu, ya nuna mana ganuwa, ya ce, "Ku kalla da ido. Ko tsingaro kada ku ɗaga."

Da yamma muka tashi dafa taliya. Murhu sai da duwatsu uku, mu kuwa biyu muka samu. Mudi ya shiga wani kango ya cicciɓo na ukun, mai faɗi, mai kwarmi a tsakiya.

"Kai Mudi, wannan fa dutsen niƙa ne."

"To uwar wa za ta yi niƙa a nan? Hura wuta, malam."

Tukunya na tafasa, sai ƙau! Dutsen ya rabe biyu.

Bayan isha'i kwaɗi suka yi tsit. Sai sallama daga bayan tanti. Muryar mace, amma kamar daga ƙasan rijiya. Tsohuwa ce, ƙwaryar gero a ka, ɗan dutsen niƙa a hannu. Na haska ƙasa. Dugaduganta ne a gaba, yatsu na kallon baya.

"Samari, ina dutsena? Yara na jiran kunu."

Mudi ya ce, "Iya, wallahi ba mu..."

Bai ƙarasa ba. Ta cafki wuyan hannunsa, ta fyaɗa shi da ƙasa, ta ja shi zuwa kan fako. Ta shimfiɗa hannunsa na dama, ta zuba gero a kai, ta durƙusa. Ta fara niƙa.

Na ji ƙarar ƙashi, ƙurus, ƙurus.

"Barau! Hannuna, Barau!"

Na rarumi itace na maka mata a gadon baya. Itacen ya karye, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na kama addu'a, harshe ya sarƙe.

"Mayar min da dutsena inda na bar shi," in ji ta, tana turawa tana jawowa. "In na gama da hannu, kai zan koma."

Dutsen na cikin garwashi. Na cire riga na naɗe shi, rigar ta kama da wuta. Sai na sa hannu haka nan, na ɗauki ɓarin biyu, ina jin ƙaurin namana. A duhu kangaye duk iri ɗaya ne. Na shiga wannan, na fita, na faɗa wancan, Mudi na kiran sunana, muryarsa na dushewa. A na huɗu ƙafata ta faɗa gurbin dutsen. Na dire su, na haɗa bakinsu.

Ihu ya tsaya.

Da na dawo, babu tsohuwa. Sai Mudi a sume, gero jajawur a gefensa. Yatsu uku suka tafi. Har yau bai sake riƙe almakashi ba, amma yana da rai.

Yaya Barau ya buɗe tafukansa gaban fitila. Fata ce sumul, babu zane ko ɗaya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya roƙe ni cokali da na kawo masa tuwo.

Ya ce, "Mai gadin da ya kai mu asibiti a babur cewa ya yi Allah ya taimake mu da muka zo mu biyu. Ku ji ni da kyau. Kada wanda ya shiga kufan nan shi kaɗai. In ta danne maka hannu, wa zai mayar mata da dutsen?"