Sai Na Auna Tagar

Keken ɗinki na ta ƙara a falon Umma lokacin da Yaya Babba ta yi sallama, kuma tun daga takunta aka san ta zo da labari. Yayar Injiniya ce, saurayin da nan da sati shida zai auri autar gidan. Mace ce mai hannun kyauta, amma in ta ce abu fari ne, ko da idonka ka ga baƙi gara ka haɗiye. Ita ta riƙe ƙanenta tun rasuwar mahaifinsu, ita ta kai shi koyon gyaran firji da esi, har unguwa ta laƙaba masa Injiniya ba tare da ya taka jami'a ba.

Autar kuwa 'Yar Tef ake ce mata, don tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Shekara biyar ke nan tana ɗinkin labule, yayyenta har tsokanarta suke cewa da tef ɗin za a kai ta ɗakin miji.

Abu ɗaya ya tsaya wa auren a wuya, shi ne gida. Abba ya faɗa sau ɗaya bai maimaita ba: ba zai ba da 'yarsa a kai ta ɗakin aro ba, in wata ya ƙare babu gida sai a ɗaga biki. Injiniya ya yi shekara biyu yana tara kuɗin haya. Wata uku suna yawo, gidan da ya yi musu ya fi ƙarfin aljihu, wanda aljihu ya iya kuwa ko kaji sai an lallashe su kafin su kwana ciki.

"Umma, an gama magana," in ji Yaya Babba, tana miƙa waya tun kafin ta zauna. "Auta, bar keken nan ki zo ki ga gidanki."

A intanet ta ga fostin ɗin. Ciki biyu da falo ne a saman bene, tayil har kicin, ga balkoni, ruwa ba ya yankewa, kuɗin kuma bai fi rabin na sauran gidaje ba. Ejan, wato dillalin gidan, ya ce mai gidan yana aiki a ƙasar waje, ba kuɗi ne ya dame shi ba, masu tsoron Allah yake nema. Sai dai mutum uku na kan layi, don haka a tura kuɗin shekara kafin gobe da yamma, a aiko da mukulli.

Umma ta shiga hamdala. 'Yar Tef ta karɓi wayar tana murmushi, ta wuce hoto ɗaya, ta wuce biyu, sai murmushin ya fara gudu. Kowa in ya kalli ɗaki kujeru da fitilu yake gani, ita kuwa taga take fara gani, sana'a ta riga ta ɓata mata ido. A hoton waje, saman benen tagogi biyu ne 'yan tsukaku masu ƙarfe a tsaye. A hoton falo, taga ɗaya ce shirgegiya ta gilashi tun daga sama har ƙasa, babu ƙarfe ko ɗaya. Ta ɗakin kwana kuma irin ta da ce, mai jerin gilasai da ake ɗagawa da hannu.

"Yaya, kin shiga gidan?"

"Ta yaya zan shiga, mukulli na hannun mutane? Ba ga hoto ba?"

"Hoton ne ya dame ni. Wannan ba gida ɗaya ba ne, Yaya, gida uku ne aka haɗa. Ni dai kar a tura ko sisi sai na auna tagar da hannuna."

Yaya Babba ta karɓe wayarta, ta ce ita ta yi zaton godiya za ta sha, ashe jarrabawa ta zo zaunawa a gaban tela. Ta gyara mayafi za ta fita, a nan ne 'Yar Tef ta lura kunnuwanta fayau suke, babu 'yan kunnen zinaren da ba ta taɓa ganin ta cire ba. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba lokacin tambaya ba ne.

Washegari ta samu Injiniya a shago, kansa cikin wata tsohuwar firji, hannunsa duk baƙin mai. Kallo ɗaya ta yi masa ta san yayarsa ta riga ta. Ya ce mata ya gaji, ya gaji da yawon gidaje, ya gaji da kallon kalanda, shi dai so yake ya dawo daga aiki ya same ta a gida. Maganar ta taɓa zuciyarta ƙwarai, don ita ma abin da take so ke nan, amma ba ta bari ya gani ba.

"Ba ni lambar ejan ɗin," ta ce.

A gabansa ta rubuta wa mutumin cewa ita ce amarya, tana son awon tagogi don ta fara labule. Minti biyu ba a yi ba amsa ta zo, wai duk tagogin ƙafa huɗu-huɗu ne. Ta yi dariyar takaici, ta ce ko aljani ba zai auna gida guda a minti biyu ba, balle tagar falon nan ta fi ƙafa takwas. Ta nemi ya yi musu bidiyo kol daga ƙofar gidan, ya ce kyamararsa ta lalace. Ta nemi su haɗu a can, ya ce sai an fara tura kuɗin dubawa. Ta duba sunan akawun da ya bayar, ba na ejan ba ne, ba kuma wanda ke kan katin shaidar mai gida da ya turo ba. Da ta tambaya, sai ya ce na matar ƙanen mai gida ne, ya ƙara da cewa in ba da gaske suke ba su daina ɓata masa lokaci.

Injiniya ya goge hannunsa ya zauna a kan benci.

"Na ji duk wannan. Amma in gaskiya ne fa? In muka rasa gidan nan Abba zai ɗaga biki, Yaya kuma ba za ta yafe miki ba."

"A ɗaga. Na yarda in jira ka wata shida, amma ban yarda in tsaya ina kallo guminka na shekara biyu ya tafi da danna waya sau ɗaya ba. Kuɗinka ne, ba ni da iko da su. In ka tura ba zan daina sonka ba, sai dai kar ka ce in ce maka daidai ne."

Bai tura ba. Yamma ta yi, wa'adin ejan ya wuce, sai ga saƙo cewa an ba wani gidan.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Yaya Babba ta kira Umma tana kuka, ta ce yarinyar da ba ta shigo gidansu ba har ta fara mulkin ƙanenta, in ta shigo kuma sai dai su nemi izini kafin su gaishe shi. Mahaifiyar Injiniya ta aiko cewa a sake tunani a kan auren gaba ɗaya. Abba ya ɗaga biki, kamar yadda ya ce. Umma ta shiga ɗakin autarta da jajayen idanu, ta ce ta rufa musu asiri ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri, ai ba a jayayya da dangin miji.

"Umma, in muryata ta yi sama zan durƙusa in ba ta haƙuri har sau goma. Amma ba zan ce taga uku taga ɗaya ba ce."

Ta faɗa da tsayayyar murya, sai da Umma ta fita sannan ta kifa kanta a kan keke ta yi kuka mai isarta. Tsoro take ji, tsoron kar a ce gidan gaskiya ne ita ce ta yi musu asara, da tsoron kar taurin kanta ya raba ta da wanda take so. Kwana biyu Injiniya bai zo ba, kira ɗaya ya yi, shi ma gaisuwa ce kawai.

A rana ta uku ejan ya dawo da kansa. Wai wanda aka ba gidan ya fasa, shi kuma saboda ya ga su mutanen kirki ne ya roƙi mai gida har an yi musu ragi, amma fa a tura yau. Yaya Babba ta zo shago da saƙon tana haki, ta ce Allah ya ba su dama ta biyu. Wannan karon Injiniya ne ya miƙe. Ya ce gidan da mutum uku ke rububi bai kamata a riƙa bin su da ragi ba. Ya rufe shago, ya ce adireshi dai yana cikin fostin, su je su ga ko bangon ne. Ya biya ya ɗauki 'Yar Tef. Har suka isa, yayar ba ta amsa gaisuwarta ba.

Benen yana nan, da tagoginsa biyu 'yan tsukaku, kamar a hoto. Yaya Babba ta juyo ta watsa wa 'Yar Tef kallon "kin gani ko", ta yi gaba ta haye matakala. Sai dai a balkonin akwai shanya, a bakin ƙofa kuma takalman yara. Suka ƙwanƙwasa, wata mata ta buɗe da ludayi a hannu. Ba ta bari sun gama bayani ba.

"Ku ma intanet ɗin ne? Ku ne na huɗu a watan nan. Shekarata goma sha ɗaya a nan, mai gidan kuma ga shi can ƙasa yana sauraron rediyo, ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Na makon jiya da motar kaya suka zo, amarya na ciki."

Ta bar su suka leƙa falon. Siminti ne a ƙasa, tagar kuma ko ƙafa uku ba ta kai ba. 'Yar Tef ba ta ma ciro tef ɗinta ba.

Yaya Babba ta kira lambar ejan a kan idonsu, ta ce masa ga su a ƙofar gidan. Ya kashe. Ta sake kira, wayar a rufe. Sai ta zauna a kan matakala, hannunta ya tafi kunnenta yana shafa wurin da babu komai. Injiniya ya sauka don ya yi magana da mai gida, bai ga wannan ba. 'Yar Tef ta gani, ta kuma gane. Ta zauna kusa da ita.

"Yaya, 'yan kunnenki."

Hawaye suka zubo. A hankali Yaya Babba ta faɗa cewa tun ranar farko ejan ya nemi kafin alƙalami don ya riƙe musu gidan, ita kuma ta sayar da zinarenta ta tura ba tare da kowa ya sani ba, so take ya zama gudummawarta ga ƙanenta. Shi ya sa duk lokacin da aka ce ƙarya ne take jin kamar ana yankanta.

"Faɗi abin da za ki faɗa, Auta. Kin yi nasara."

"Wace nasara, Yaya, an cuci yayata? Don sonmu kika yi. Ba wanda zai ji a bakina, amma ki daure ki faɗa wa ƙanenki, mu kai ƙara, ko don amaryar da za ta zo nan da motar kaya mako mai zuwa."

Sun kai ƙara da saƙonni da lambar akawun, an sauke fostin ɗin, amma zinare bai dawo ba. Yaya Babba da ƙafarta ta je gidan Umma, ta faɗi komai a gaban Abba, ba ta rage ko kalma ba. Wanda ya san ta ya san wannan ya fi sayar da zinaren yi mata wuya.

Bayan wata biyu wani dattijo da Injiniya ke gyara wa firji ya ce ɗan hayarsa ya tashi. Ciki ɗaya ne da falo, babu balkoni, famfo a tsakar gida. Shi da 'Yar Tef da Yaya Babba suka je da rana tsaka, suka zauna da mai gidan, suka tambayi maƙwabta, aka rubuta takarda da shaidu, mukulli ya buɗe ƙofa a gabansu, sannan kuɗi ya fita. Injiniya ya kalli ɗan falon ya ce wa 'Yar Tef ta yi haƙuri, bai kai na hoto ba. Ta ce masa wannan ana iya shiga cikinsa.

Ta ciro tef daga wuyanta ta nufi taga, tana neman wanda zai riƙe mata bakinsa. Injiniya ya miƙo hannu, yayarsa ta ture shi.

"Matsa can, kai me ka sani? Kawo nan, ƙanwata. Ja da kyau, kar ki rage ko inci."

Ƙafa huɗu da rabi ce. Sati uku bayan nan aka ɗaura aure, labulen da ya fi kowanne kyau a rayuwar 'Yar Tef kuma a wannan 'yar tagar ya rataya.

Don haka 'yan'uwa masu neman gida, duk wanda ya ce ku biya kafin ku gani, ya ce yau ko a ba wani, kuɗinsa kuma ya yi araha fiye da hankali, to ku riƙe aljihunku ku je da ƙafarku. In kuma a gidanku akwai mai taurin kan da ta ce sai ta auna, kar ku yi saurin kiranta marar kunya, wataƙila ita ce ta fi kowa sonku. Har yau in aka kawo wa Yaya Babba ciniki a waya, ko na tukunya ne, tambayarta ɗaya ce: "An auna tagar?"