Lanƙwasasshiyar Ƙusa a Tafin Dogo

Auta tana shanya a tsakar gida lokacin da Baba ya ƙwala mata kira daga shagonsa da ke jikin gidan. Baba kafinta ne, irin mutanen nan da ko ƙusa ta lanƙwashe ba sa jefarwa. Gwangwani guda ya ware wa irin waɗannan ƙusoshin, in ya sami sarari sai ya zauna da ƙaramar guduma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙarwa. Umma takan ce da hayaƙi yana ajiyuwa, da Baba ya cika buhu da shi.

A kan wannan aikin Dogo ya same shi da safen nan. Dogo ɗan ajinsu Auta ne a jami'a, sashen wasan kwaikwayo, kuma shi ke neman ta, ya ci ado ya zo gaisuwa. Baba ko ɗago kai bai yi ba har yaron ya gaji da durƙuso ya tafi.

"Auta, karatun nan na bar ki ne don kin nace, amma ban ce ki kwaso mini suruki a ciki ba. Mutumin da aka koya wa kuka ba tare da an taɓa shi ba, yaushe za ki gane ranar da yake faɗa miki gaskiya?"

"Baba, wallahi ba haka yake ba—"

"Ban tambaye ki yadda yake ba. Daga yau kada ki ƙara yi masa magana, ko a waya ko a fili. Yi mini alkawari."

Ta waiga wajen Umma neman ceto, Umma ta mayar da kanta kan tukunya kamar yau ta fara ganinta. Auta ta yi alkawarin tana hawaye. Ta aiki wata ƙawarta ta sanar da Dogo, amsar da aka kawo mata kuwa gajeriya ce: ya ji, kuma ba zai sa ta saɓa ba.

Alkawari kaya ne, na Auta kuwa ya fi na kowa nauyi, don aji ɗaya suke zama. Takan hango ƙeyarsa a layin gaba, abin dariya ya faru ta juya za ta faɗa masa, sai ta tuna ta haɗiye. Ta yi kewarsa ƙwarai, kewar mutumin da kullum yana gabanta.

Ana cikin haka furojet ɗin ƙarshe, wato aikin kammala karatu, ya zo. Malamarsu, wadda ba ta ƙaunar abin da aka saba, ta ce bana babu dandamali, babu kujerun 'yan kallo. Aka ba su wani tsohon sito a bayan sashen, suka rarraba shi ɗaki-ɗaki da katako da labule. 'Yan kallo za su riƙa shiga kaɗan-kaɗan, su bi ɗakunan da ƙafarsu, su taɓa kaya, a sa su cikin wasan. Mai yi musu jagora za ta riƙe fitila, kuma ba za ta ce uffan ba tun daga shiga har fita. A ɗakin ƙarshe kuwa ɗan wasa ɗaya zai zauna an ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle. Ɗan kallo zai ciro duk abin da ya samu a aljihunsa ya sa masa a tafi ba tare da magana ba, shi kuma ya faɗi abin da wannan abu ya tuna masa a rayuwarsa. Malama ta ja kunne cewa a wannan ɗakin babu hadda, babu ƙirƙira, gaskiya kawai.

Aka ba Dogo kujerar. Da aka zo neman jagorar da ba ta magana, hannun Auta ne ya riga na kowa tashi. Ƙawayenta suka yi ta yi mata tsiya, wai Auta sarkin surutu ta samu aikin da zai kashe ta.

Haka aka fara. Kullum sai ta ja mutane har gabansa, ta tsaya a gefensa da fitila, kusa sosai har tana jin numfashinsa. Shi ba ya ganinta, ita ba ta yi masa magana. In mutane sun fita akan ɗan jima kafin wasu su shigo, ɗakin ya rage daga ita sai shi sai tsohuwar da ke share siton. A nan ne abin ya fi ciwo. Da ta ce "sannu" kawai, wa zai kai wa Baba? Sai ta cije leɓe, ta gyara lagwanin fitila, ta koma ɗauko wasu.

Shi kuwa bakin mutane ba ya raina abin faɗa. Wani maƙwabci da ya je kallo ya tsaya a shagon Baba, ya ba shi labari har da ƙarin gishiri: ai ya ga Auta da dogon yaron nan a ɗaki mai duhu, kusa da kusa. Baba ya ajiye zarto. Ko rigar aiki bai canza ba, fensirinsa a bayan kunne, ya kama hanya.

Auta tana bakin sito tana shirin shiga da mutane sai ga shi a kanta.

"To, ga ni! Nan ne ɗakin duhun? Wannan shi ne alkawarin?"

'Yan kallo suka fashe da dariya, har wata ta tafa, ta ce wannan tsohon ya iya wasa, dubi har da garin katako a gemu. Su a zatonsu an fara. In Auta ta buɗe baki ta rusa wasan ajinsu gaba ɗaya, in ta yi shiru Baba zai ce raini ne. Ta ɗaga fitila, ta nuna masa ƙofa kamar yadda take nuna wa kowa. Baba ya ce madalla, gani ya kori ji, ya shige gaban layi.

Ya bi ɗakunan yana huci, amma kafinta kafinta ne: duk katakon da ya wuce sai ya girgiza shi ya yi tsaki. Da suka isa ɗakin ƙarshe ya ga Dogo zaune da ɗaurarren ido, ya buɗe baki zai fara. Auta ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi wa mahaifinta haka ba, hawaye na zuba take yi. Mamaki ne ya rufe bakin Baba. Wani ya raɗa masa yadda ake yi, ya laluba aljihu, bai sami komai ba sai wata lanƙwasasshiyar ƙusa. Ya dangwara ta a tafin Dogo.

Dogo ya juya ta a yatsunsa, ya yi murmushi.

"Ƙusa ce, ta lanƙwashe, amma mai ita bai jefar ba. Na san wani kafinta mai wannan hali. Na je gaishe shi, bai ko kalle ni ba, na fito raina a ɓace. A hanya na yi tunani, mutumin da ba ya wasa da tsohuwar ƙusa, ta yaya zai miƙa 'yarsa ga wanda bai sani ba? Sai fushin ya tafi, ya bar ni da kewa. Tana cikin ɗakin nan yanzu, na san takunta. Na manta rabon da in ji muryarta. Wani lokaci nakan ji kamar in ce ta faɗi ko kalma ɗaya, amma ba na so in zama dalilin da za ta kasa haɗa ido da mahaifinta."

Auta ta juya da fitilarta, ta ja mutane zuwa waje.

A waje Baba ya kakkaɓe rigarsa, ya ce a fili ai yaron ya gane shi ne, dama sana'arsa ke nan. Tsohuwa mai shara tana zaune bakin ƙofa da tsintsiyarta, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ya gane wa, Malam? Jiya makulli aka ba shi, shekaranjiya murfin biro, duk a kan kafintan nan da 'yarsa ya ƙare. Mu har mun haddace. Ita kuwa mai fitilar, ko babu kowa sai ni, ko sannu ba ta ce masa. Ni dai ban san wane irin uba ne da ita ba, amma ya iya haihuwa."

Baba ya cire fensirin daga bayan kunnensa, ya kalle shi, ya mayar, ya tafi gida.

Kwanaki suka wuce bai ta da zancen ba, Auta kuwa ko abinci ba ta iya ci sosai. Umma tana ta ba ta baki, tana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Ran nan da safe Baba ya kira ta shago. Yana zaune da gwangwaninsa da gudumarsa.

"Ƙofar ɗakin nan na ƙarshe a karkace take. Wa ya kafa ta?"

"Shi ne, Baba."

"Na sani, aikin ɗan boko. Ki ce ya zo in nuna masa yadda ake yi. Kuma ya dawo mini da ƙusata."

"In aika a faɗa masa?"

"Na ce ki ce masa. Da bakinki."

Auta ta ruga ɗaki har tana tuntuɓe da bokitin Umma. Ta kira lambar Dogo, wadda ba ta taɓa gogewa ba. Duk maganganun da ta tara a watannin nan suka gudu, ta rasa ta farko.

"Sannu," ta ce.

Daga can ɓangaren ta ji dogon nan yana jan hanci kamar ƙaramin yaro, kuma wannan kukan ba a aji aka koya masa ba.

Da Auta ta saci kalma ɗaya a ɗakin duhun nan, da tsohuwa ba ta sami abin shaida ba, da kuma Baba bai sauko ba. Alkawarin da aka riƙe a inda babu mai gani, shi ne yake tsaya wa mutum ranar da ba shi da bakin magana.