Ɗakin da Aka Kwance a Hanyar Maigatari

An sace ɗaki sukutum a masaukin Alhaji Zayyad da ke hanyar Maigatari. Ba kayan ciki ba, ɗakin kansa: bango, rufi, ƙofa, har da sola ɗin da ke samansa.

Ɗakunan na haɗawa ne. Da matsattsen karan gero aka yi allunansu, ana ɗaure su da noti, a kwance, a sake kafawa a wani wuri. Fataken shanu ke kwana a ciki jajiberin kasuwa. Kafin Sufeto Dogo ya iso daga Gumel, Alhaji ya sa an tsare Bappa mai gadi, duk da dattijon yana ta rantsuwa cewa ranar yana Ɗanzomo wajen jana'izar ƙanensa.

Dogo ya tsuguna inda ɗakin yake a da. Ko ɓarɓashin allo babu. Tubalan da ɗakin ke zaune a kansu an share su tas, har an shafe su da baƙin mai saboda gara. Shi dai a aikinsa bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya yi wa gara magani ba.

"Alhaji, wa ya haɗa maka ɗakunan nan?"

"Daga Turkiyya na yo odarsu. Kowa ya sani."

Dogo ya kankare gefen bangon wani ɗaki da ya rage da farce. "Ashe Turkiyya ma geron Gagarawa suke nomawa?"

Alhaji ya yi ta kame-kame, daga bisani ya faɗi sunan Ɗantala kafinta. Ya ce baƙi sun fi daraja kayan waje, shi ya sa ya ɓoye sunansa.

A Gagarawa, Ɗantala ko kai bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce rabonsa da masaukin tun damina. Dogo ya gyaɗa kai, ya juya kamar zai tafi.

"Na san ba kai ba ne, Malam. Ɗan koyo ne ya kwance shi. Ya cinye bakin notuna, ya tsaga allon ƙofa."

Ɗantala ya ajiye guduma. "Wane allon? Wallahi ko ƙwarzane bai yi ba. Zo ka gani da idonka."

Sai da ya kai bakin zanar da ke bayan shagonsa ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Bai ja da baya ba, ya yaye zanar da kansa. Ga ɗakin a tsaye, an rubuta sunan Ɗantala da fenti a ƙofa. Ya ce niyyarsa ya kafa shi a tsakiyar kasuwa, duniya ta ga aikin hannun ɗan Jigawa. Da aka gaya masa Bappa na kulle a dalilinsa, nan ne kawai ya sunkuyar da kai.

Da la'asar aka saki Bappa. Ɗantala kuwa ya miƙa hannuwansa, Dogo ya ɗaura masa ankwa, ya sassauta ta kaɗan.

"Kada ta ji maka ciwo. In ka fito daga gidan yari, hannun nan yana da sauran aiki."