Ranar da Injiniya Ya Katse Uwar Tasha

Ta cikin gilashi Injiniya ya fara ganinta. Yana ɗakin sarrafa shirye-shirye, gaban jerin alluna da maɓallai, ita kuma an zaunar da ita a teburin labarai don gwajin ɗaukar aiki. Ya yi mata magana ta 'yar na'urar da ke kunnenta, ya ce ta kalli jar fitilar kyamara kawai, idan ta yi tuntuɓe shi kaɗai zai ji. Ta ɗago tana neman mai maganar, da ta same shi ta yi murmushi. Injiniya ya manta bai rage kiɗan buɗe labarai ba, sai da darakta ya zungure shi.

Tashar ƙarama ce, a bayan gari, ƙarƙashin doguwar eriya da ake hangowa daga kowace unguwa. Mutanen garin ne suka kafa ta tun kafin a haife shi, da tsofaffin kyamarori da janareta mai tari. Da nauyi ya yi mata yawa, sai ta ƙulla yarjejeniya da wata babbar tasha ta ƙasa, wadda ma'aikata ke kira uwar tasha. Tun daga nan yawancin shirye-shirye daga can suke zuwa, nasu kuwa labaran gari ne safe da yamma, da sanarwa, da talla. Aikin Injiniya shi ne ya sauke na can ya ɗora na nan a kan lokaci, kada allo ya yi baƙi.

Aka ɗauke ta aiki. Kafin damina ta kama, kowa ya gane cewa in Mai Labarai ce a kan teburi, Injiniya ba ya yarda wani ya karɓe shi ko da yunwa za ta kashe shi.

Bayan labaran yamma sai ya tura mata saƙo: "Muryata, yau kin haɗiye sunan unguwarmu. Ina jiran ban haƙuri."

Ta mayar: "Na Bayan Gilashi, kai ka jawo. Ka daina yi min murmushi ina karanta labarin gobara."

Da ya tura kawunsa neman izinin aurenta, mahaifinta ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce a'a. Baba, mahaifin nata, yana cikin waɗanda suka kafa tashar, shi ne mai ɗaukar hoto na farko, kuma yana cikin waɗanda aka sallama shekarar da aka haɗe da uwar tasha. Ya ce ba shi da ƙorafi a kan halin yaron. Sai dai ya ga yadda mutanen da ba su taɓa taka garin ba suke zama a ofis mai nisa su rufe wa magidanci hanyar abincinsa. 'Yarsa tana can ba da son ransa ba, ba zai ƙara da suruki ba.

Maganar ta tsaya wa Injiniya a rai, domin a watan ne yarjejeniyar take ƙarewa. Ana ta raɗe-raɗin za a soke labaran gari, a bar tashar ta zama bututu kawai. Uwar tasha ta turo wakili ya duba aikinsu, wani ɗan gaye mai ƙamshin turare, wanda ya fi daɗewa a situdiyo fiye da ko'ina. Injiniya yana kallo ta gilashi lokacin da mutumin ya ja kujera kusa da Mai Labarai yana magana ƙasa-ƙasa. Washegari mai yi wa masu karanta labarai kwalliya ta gaya masa, wai don tausayi, cewa wakili ya yi wa Mai Labarai tayin aiki a hedikwata, ya kuma tambayi hanyar gidansu.

Abinci ya daina shiga masa. A kunnenta ba ya faɗin komai sai "shirya" da "fara". Ta jure har ta gaji, ta tura masa: "Me na yi maka? Ka bar ni ni kaɗai a gaban kyamara."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: "Ba na so in tare miki hanya. Can ya fi nan."

Ba ta amsa ba. Wannan shirun ya fi komai tayar masa da hankali.

Ana cikin haka, wata Asabar da rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Uwar tasha tana nuna wasan ƙwallo kai tsaye, irin shirin da yarjejeniya ta hana a taɓa. Sai ga Mai Labarai ta faɗo ɗakinsa, mayafinta sharkaf. Ta ce ma'aikatan agaji sun kira, ruwa ya cinye ƙafar gadar kasuwa, ga motoci suna ta nufo ta, suna roƙo a sanar yanzu. Darakta ba ya nan, wayarsa ba ta shiga. Wakili, wanda ke zaune yana kallon wasan, ya ce a jira hutun rabin lokaci, in aka katse ba zai iya kare kowa ba.

Injiniya ya tuna maganar Baba, ya tuna abokan aikinsa da iyalansu, ya san danna maɓallin nan na iya rufe tashar baki ɗaya. Ya dube ta. Ba ta roƙe shi ba, tana dai tsaye tana haki.

"Je ki zauna," ya ce. "Ina kunnenki."

Ya sauke wasan ya ɗora ta. Ta yi sanarwar ba takarda, ta maimaita, yana jero mata a kunne sunayen hanyoyin da za a bi. Kafin la'asar rabin gadar ya rufta, babu kowa a kanta.

Ranar Litinin aka dakatar da shi. Ya zauna a gida yana jiran jin ko an soke yarjejeniyar, yana ta kai-komo. Mahaifiyarsa ta gaji da ganinsa yana zagaye tsakar gida, ta ce in tafiyar yake so ya je ya sayo mata gawayi.

Sai saƙon Mai Labarai ya shigo: "Na Bayan Gilashi, tun ranar da ya yi min tayin na ce masa a'a, aikin da maganar auren duka. Na ƙi gaya maka ne don na ji haushin ba ka tambaye ni ba. Baba yana nemanka bayan la'asar. Ka sa riga mai kyau."

Ya tarar da Baba a falo, talabijin a kunne ba sauti. Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya tambaye shi ko ya san zai iya rasa aikinsa lokacin da ya danna maɓallin. Ya ce ya sani.

"Ranar nan ƙanwata tana cikin motar haya a hanyar gadar," in ji Baba. "A shagon mai shayi direbansu ya ga sanarwar. Don irin wannan ranar muka ɗaga eriyar nan, ɗana. Aikinka ya dawo ko bai dawo ba, ka turo kawunka."

Aikin ya dawo, amma da takardar gargaɗi. Mutanen gari sun yi ta kiran uwar tasha har ta sabunta yarjejeniyar, ta rage musu labaran safe, ta bar na yamma, ta kuma amince a riƙa katse shiri in rai yana cikin haɗari.

Bayan damina aka ɗaura aure. Darakta ya karanta sanarwar auren da kansa a ƙarshen labaran yamma, ya yi tuntuɓe har sau biyu. Da za su tafi, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Ga ta nan, amana ce. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku da abincinku, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

Amarya tana kuka, Injiniya ya amsa amin ɗin su biyun.