Rariya da 'Ya'yan Majema

Tun kafin ma'aikata su iso, Rariya ta gama karanta tallace-tallacen aikin da suka shigo Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Birnin Tsauni. Manhaja ce, ba ta gajiya, ba ta da ɗan'uwa balle a yi mata kamun ƙafa. Takan bi talla kalma bayan kalma, ta tsinto sunayen kayan aiki da irin maganar masu sana'ar, ta gane masana'antar da ake nufi da ƙwarewar da ake nema. Daga nan sai ta tankaɗe mutanen gari, ta aika wa wanda ya dace da saƙo.

Injiniya Lurwanu ne ya ƙera ta. Ɗan majemi ne, a gefen ramukan jima ya girma, kuma ya sha ganin an ba ɗan wane aikin da ya fi ƙarfinsa. Shi ya matsa aka yi dokar cewa babu ɗan Adam da zai ƙara sa hannu a ɗaukar aiki. Da kwangilarsa ta ƙare ya tafi yana alfahari.

To, abin da bai lura da shi ba, mutanenmu ba su iya rubuta talla babu ƙari. Wannan ya ce ɗan gado ya fi, wancan ya ce yana son wanda ya buɗi ido a cikin sana'ar. Rariya ta yi ta cin karo da irin wannan, har ta ɗauke shi a matsayin ma'auni. Sai ta fara ƙirga ƙwarewar mutum tun daga ranar sunansa, a sana'ar gidan da ya tashi. Kai, wannan abu da ban takaici yake!

Ƙanwar Lurwanu, Rumasa'u, ta koyi tuƙin jirgin igiya, wanda ke ratsa saman birnin, kuma ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Burinta ke nan tun tana ƙarama. Da gurbin tuƙi ya fito sai ta nema. Ranar da saƙon Rariya ya iso ta sami yayanta a gida, idonta jawur.

"Yaya, na'urarka ta ce ba ni da ƙwarewar sufuri. Wai shekara ashirin da uku nake da ita a jima. Ni da ko fata ban taɓa wankewa ba!"

"Kuskure ne, Ruma. Kwantar da hankalinki, gobe zan gyara."

Washegari ya je wurin shugabar hukumar, Hajiya Talatuwa, ya zayyana mata komai. Ta ce, "Injiniya, na yarda da kai. Amma yanzu kai ba ma'aikacinmu ba ne, kuma ka san doka. Sai dai mu fitar da tallar neman mai gyara, ka nema kamar kowa."

Aka fitar. Rariya ta karanta, ta gane aikin na masana'antar manhaja ne, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta auna Lurwanu: shekara goma sha biyu a manhaja, ashirin da biyar a gidan jima. Ta ajiye shi gefe, ta ɗauki wani matashi da ya tashi a gidan injiniyoyi. Yaron ya bincike ta tsakani da Allah, ya ce shi kam bai ga matsala ba.

Gurbin tuƙin ya tafi ga ɗan wani direba. Rumasa'u ta jira har ta gaji, daga baya ta amsa kiran masana'antar fatu. Lurwanu ya yi baƙin ciki irin wanda bai taɓa yi ba, ya kasa haɗa ido da ita.

Ranar da za ta fara aiki ya raka ta har bakin ƙofa. Jirgin igiya ya wuce ta saman kansu, ba ta ɗaga kai ba.

"Koma gida, Yaya, na gode," in ji ta.

Bai motsa ba. Ya ciro wayarsa a hankali ya nuna wa mai gadi saƙon kiran aiki da shi ma Rariya ta aiko masa. Mai gadin ya duba, ya buɗe musu ƙofa su biyu.